Maganin Ƙaya na Yayana

A gidanmu akwai ciwon ƙafa da muka gada daga kakanmu na wajen uwa, mutumin Kajiji. Ba kowa yake kamawa ba, amma wanda ya kama, bi da bi yake tafiya da shi. Da farko takalmi ya riƙa sulɓewa mutum bai sani ba. Sannan tsokar sharaɓa ta zube, ƙwauri ya koma kamar na shamuwa. Daga nan tafin ƙafa ya mutu, ba ya jin zafi ko sanyi. Hannu ne na ƙarshe.

Yayana ya kai mataki na uku tun bai yi furfura ba. Mutumin kirki zai yi haƙuri ya zauna. Shi kuwa sai ya ɗinka wando buje mai jan ƙasa, ya rufe ƙwaurinsa, ya shelanta cewa yana da maganin ƙaya. Ranar kasuwar Bodinga yakan shimfiɗa reshen aduwa ya taka a hankali, yana gaisawa da mutane. Tafiyarsa ta ɗaga gwiwa sama ya maka ƙafa, wadda ciwon ya sa shi, ya ce sharaɗin maganin ce. Makiyaya suka riƙa kawo masa zabi da man shanu, yana ba su garin sabara. Idan mun koma gida, ni nake zama da matsefata ina cire masa ƙayoyin.

Na ce masa, "Yaya, wannan ƙarya ce."

Ya ce, "Ƙaramin alƙali, na taka ko ban taka ba?"

Ana cikin yaƙin Turawa na biyu aka zo ɗiban mutane zuwa haƙar kuza a Jos. Mun ji labarin wurin: tafiya mai nisa, ɗaukar kwanon ƙasa wuni guda, ga sanyi mai kashe lafiyayye. Mai irin ƙafar Yaya ba zai dawo ba. Da aka ce gidanmu ya ba da mutum ɗaya, mai gari bai ko yi shawara ba. Wa ya fi dacewa da duwatsu kamar wanda ƙaya ba ta kamawa?

Aka tara waɗanda aka zaɓa a Bodinga gaban malamin asibiti. Yaya ya durƙusa ya ce wa mai gari, "Ranka shi daɗe, ba ni da lafiya. Ƙafata matatta ce."

Malamin ya soka masa allura a tafin ƙafa. Bai motsa ba.

Mai gari ya ce, "To, kun gani. Maganin nan da kyau yake."

Aka ɗora masa kwanon ƙasa, ya yi taku kaɗan ya kife. Mai gari ya ce, "Tashi, malam. Mutumin da ka rawa bisa aduwa, shi rairayi zai kayar?"

Ba abin da ya rage sai wandon. Yaya ya dube ni, na kau da kai. Ya naɗe shi har gwiwa, a gaban mutanen da suka sha garin maganinsa. Wani Bafulatani ya sunkuya ya duba ƙwaurin da kyau, sannan ya ce, "Ashe shi ya sa kullum nike ɗingishi. Na ɗauka sharaɗin na karya."

Malamin ya ce ya tsaya a kan dugadugansa, ya kasa. Aka sallame shi.

Sai mai gari ya juyo gare ni. "Kai ƙanensa, naɗe naka."

Na naɗe. Sharaɓata cike take kamar albasar fadama. Ni na tafi Jos, na yi wa'adina, na dawo da tari da raina. Yaya ya tarye ni a bakin gari yana dogara sanda, ya ce ya kula mini da gona, wato ya zauna a inuwa yana ba matata umarni.

Ciwon bai manta da ni ba. Ya iso ni bayan yaƙi ya ƙare, lokacin da ba shi da sauran amfani.