Ɗakin da Fataw ya kama a Maamobi

Ranar Juma'a, tara ga Yunin 2023, bayan an sauko masallaci, Fataw Sulemana ya fara haɗuwa da Baba Kadiri, wani tsoho mai ɗakin haya, a bakin titin Nima a birnin Accra. Fataw mutumin Bawku ne, mai walda a Abossey Okai. Ya daɗe yana kwana a shago. Ejan-ejan masu dillancin ɗakuna sun yawata da shi har unguwar Madina, duk ɗakin da aka nuna masa sai a ce wani ya riga shi jiya. Ga shi matarsa Zuera na tafe da jariri bayan Babbar Sallah, shagon walda kuwa ba wurin mai jego ba ne.

Baba Kadiri ya kai shi gidan gadonsu a Maamobi da la'asar. Ɗaki ɗaya ne, da baranda shararriya a gabansa. Fataw bai tsaya tambaya ba, don akwai mutum biyu a waje suna jiran ya yi jinkiri. Aka shirya, ya karɓi makulli.

Da asuba hayaƙi ya tashe shi. Ya tura ƙofa, ta bugi ƙarfe ta tsaya. Ta ɗan tsagin ya hango ƙatuwar tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, a kan wuta, da wata dattijuwa riƙe da ludayi.

"Wane ne wannan zai kifar mini da abinci?"

"Mma, ni ne sabon ɗan haya."

"Hayar wa?"

"Baba Kadiri."

"To Kadiri ɗaki ya gada. Baranda tawa ce. Ka nemi Kadiri ya fitar da kai."

Hajiya Amama ke nan, ƙanwar Baba Kadiri. Ranar ta taga Fataw ya fita, ya rasa jam'i. Ya sami Baba Kadiri da maganar, tsoho ya buɗe hannuwa.

"Ɗana, na ce maka har da baranda? Da la'asar ka gan ta, da la'asar kuma taka ce."

Fataw ya ce to, zai fasa bangon baya ya sa ƙofa, aikinsa ne. Aka ce bangon na ɗakin ɗan'uwansu Abdul-Wahab ne ta ɗaya gefen, shi kuwa yana Italiya. Aka kira shi, ya ce a tambayi Hajiya. Hajiya ta ce a tambayi limamin da ya raba gadon. Limamin ya rasu. Fataw ya tsaya a tsakar gida yana bin ƙofofi da kallo, bai san wadda zai ƙwanƙwasa ba.

Bayan Sallah Zuera ta iso da hantsi, kaya a ka, goyo a baya, masu sayen waakye sun yi layi a bakin ɗakinta. Ta dubi mijinta.

"Ina ɗakin?"

Ya nuna bayan tukunya. Hajiya Amama ta ƙare mata kallo, ta tura mata kujera da ƙafa.

"Zauna, 'yata. Azahar za a buɗe."

Har yau suna ɗakin. Zuera kan fito da yaron kafin a hura wuta, ta zauna gefen Hajiya har a sauke tukunya. Fataw kan kwana da takalmansa a kan taga. Da wa'adin hayar ya ƙare bara, ya sabunta, don bai sami wani ɗakin ba.