Motar da Aka Ƙona wa Gaik Lean

In kana son sanin darajar mota a garin Taiping, kada ka wahalar da kanka wurin dillalai, ka zo shagona. Ni nake haɗa kayan takarda da muke ƙona wa mamatanmu, gida da firji da wayar hannu da mota, duk abin da mutum zai buƙata in ya isa can. Mai rai yana iya sayen kowace irin akwala ya ce wai don ba ta shan mai ne. Amma ranar da zai aika wa uwarsa mota lahira, ranar ake jin gaskiyar bakinsa. Marsandi, kowa Marsandi. Har mai soya taliya a bakin kasuwa, wanda ubansa bai taɓa hawa abin da ya wuce keke ba, baƙar Marsandi yake cewa in yi masa. Tun ina budurwa nake lanƙwasa gora a shagon nan, mutum ɗaya ne ya fara cewa in yi masa Serindit, kuma saura ƙiris abin ya raba shi da 'yarsa.

Sunansa Ooi Teik Soon. Gajere ne mai sanƙo, da tabarau mai kauri, kullum cikin farar riga mai tambarin kamfani a aljihu. Serindit motar gida ce, a ƙasarmu ake ƙera ta, shi kuwa tun yana da gashi yake sayar da ita. Motar tana tafiya, ban ce ba ta tafiya ba. Matsalarta ɗaya, yoyo. Robar ƙofar gaba, wajen mai zaman banza, ba ta riƙe ruwa. A wani garin da ba a damu ba, amma Taiping fa? Garin da tsofaffi ke zama a shagon kofi suna caca a kan lokacin da ruwan yau zai sauko, don saukowar dai babu tantama.

Mutane suka sa masa suna Soon Mai Yoyo. In ya shigo shagon kofi sai wani ya ɗaga murya, “Maigida Soon, tawa ta fara haihuwar kwaɗi, wannan ma yana cikin garanti?” Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce maka raɓa ce. Ya ce maka gumin na'urar sanyi ne. Ya taɓa gaya wa wani malamin makaranta cewa danshi yana hana kujera tsagewa, kuma malamin ya saya, abin da har yau ban gane ba.

Matarsa Gaik Lean ƙawata ce tun muna 'yan makaranta. Ita ta sha yoyon nan fiye da kowa a garin, don kujerarta ce ke ƙarƙashinsa. Ko biki za su je, da tawul a cinyarta. Na sha ce mata, “Ke wai ba za ki sa mutumin nan ya canja sana'a ba?” Sai ta yi dariya ta ce in ya daina sayar da Serindit bakinsa zai rasa aikin yi, kuma a kanta zai ƙare.

Da sunan motar ya gama zubewa, har masu sayen tsofaffin ƙarafa suna yi mata yanga, sai kamfanin ya canja shugabanni. Aka rufe masana'anta aka gyara, aka ce sabuwar Serindit na nan tafe. Suka sake tambari, tsuntsun da ke jikinsa yana kallon hagu ya koma kallon dama, kamar dā can laifinsa ne. Teik Soon ya dinga yawo da hoton sabuwar motar a aljihu yana nuna wa duk wanda tsautsayi ya haɗa su. Ana cikin haka ciwon Gaik Lean ya tashi. Ba ta daɗe a asibiti ba ta cika. Motar farko ta iso shagonsa ba a ko gama karɓar gaisuwa ba.

Na zaci mutuwar za ta kwantar da shi. Ina! Sai ma ya ƙara haukacewa. Kullum da la'asar in hadari ya haɗu, sai ya kai sabuwar motar bakin tafkin gari ya faka, ya shiga kujerar mai zaman banza ya zauna da jarida a buɗe. Ruwa ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, jama'a su tsaya a ƙarƙashin rumfa suna jira ya jiƙe. In ruwa ya ɗauke ya fito yana ɗaga busasshiyar jarida sama. Har 'yan kwana-kwana ya roƙa suka yi mata feshi da tiyo. Ko ɗigo bai shiga ba, da idona na gani. Amma ka san mutanenmu. Suka tafa masa, suka ce ai sabuwa ce, bari ta shekara tukuna, suka wuce suka sayi ta Japan.

Da aka kusa cikar shekara da rasuwar Gaik Lean, lokacin da za a yi babbar ƙonawa, 'yarsa Phaik See ta bugo mini waya daga Singafo, inda take aikin haɗa magunguna. Ita kaɗai suka haifa. Ta ce, “Goggo Choo, a yi wa Mama gida mai bene, da Marsandi mafi girma da kika taɓa yi.” Na ce an gama.

Washegari sai ga ubanta da hoton nan nasa da ya sha ninki. Ya shimfiɗa a kan teburina, kan gam ɗina ma.

“Yaya Choo, wannan za ki yi mata. Ruwan toka, sabon tambari.”

Na kalle shi sama da ƙasa. “Teik Soon, lafiyarka ƙalau?”

“Duk garin zai zo wurin ƙonawar nan. In suka ga mutum ya yarda ya aika wa matarsa Serindit…”

“Talla! Talla za ka yi da wutar ƙawata? Kai ko kunya ba ka ji? Ta sha yoyo a duniya, ka bi ta da shi lahira?”

“Wannan ba ta yoyo.”

“Ta takarda ce, ɗan nema! Ko tofa mata yawu ka yi sai ta narke.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina son Gaik Lean, kuma na ga kamar ya mai da ita allon talla. Na kira Phaik See na gaya mata a gabansa. Ba sai na sa wayar a kunne ba, daga bakin ƙofa ma ana jin ta. Ta ce in aka ƙona wa uwarta wannan abin kunya, ba za ta zo ba, kuma kada uban ya sake neman lambarta, ya ɗauka bai haihu ba. Yarinyar nan na san ta tun tana zanen goyo, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Teik Soon ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya ce, “Ruwan toka fa, Yaya, ba fari ba.”

To, miji ne, shi ke da ta cewa a kan kayan matarsa, haka al'ada take. Na kama aiki ina ƙunƙuni. Ban taɓa haɗuwa da mai ba da aiki irinsa ba. Kullum yana shagon, ya ce fitilar baya ta yi faɗi, ya ce tsuntsun ya karkace. Ranar da ya ce in yanka baƙar takarda siririya in zagaye ƙofofin da ita, wai roba, na ɗauki sandar gora na ce ko ya fita ko in yi masa tasa motar yau. Ya fita. Na yanka takardar na liƙa, don gaskiya ta ƙara wa motar kyau.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga Phaik See da jakarta, ko gida ba ta biya ba. Ta ce ba zuwa ta yi ba, ta zo ne ta ga abin da idonta, ta koma. Ta tarar da uban a tsugune yana leƙen ƙarƙashin motar takarda.

“Baba, tashi. Kana ba ni kunya.”

Ya tashi yana kakkaɓe gwiwa. “Kin ci abinci?”

“Bar maganar abinci. Ranar da aka ba ni shaidar gama jami'a, da jiƙaƙƙen siket Mama ta shiga hoto. Ranar da muka kai ta asibiti, tana numfashi da ƙyar, ni na riƙe tawul a saman kanta. Duk rayuwarta ba ta taɓa cewa uffan ba. Yanzu sau ɗaya, sau ɗaya tak, za ta shiga motar mutunci, shi ma sai ka sayar da ita ga kamfaninka? In ta lalace mata a can, wa zai tura?”

Ni da bakina ba ya shiru na ce, “In haɗa mata da bakanike, ina da guda biyu a kan kanta.”

Ba wanda ya yi dariya. Na ja bakina na koma aiki, don in hannuna na motsi ban cika yin ɓaranɓarama ba. Abin da ya rage shi ne direba. Kowace mota da direbanta take tafiya, ɗan mutum na takarda da hula da farin safar hannu, ina da su jere a sama. Na miƙa hannu na sauko da ɗaya, na shafa masa gam a gindi.

Teik Soon ya riƙe mini hannu. “Ba wannan ba. Ki yi wani, gajere, mai sanƙo. Ki zana masa tabarau.”

Gam ɗin ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa. Ba a ƙona kamannin mai rai, ko yaron goye a garin nan ya san haka. Kiran mutuwa ne da baki. Na ce, “Tir! Tofar da yawu, maza! A shagona? Ko duk Taiping za ka ba ni ba zan zana ba.”

Phaik See ta yi fari fat. “Baba, me kake nufi?”

“Uwarki ba ta shiga motar baƙo. Ko tasi ba ta yarda ta hau ita kaɗai, kin sani.” Ya juya ya kalli motar. “Eh, ina so garin nan ya gani, ban ɓoye ba. Na gaji da dariyarsu. Amma tun kina ciki nake ce mata ta bari, mai kyau na zuwa, zan kai ta har birnin Penang ta sauka a bushe. Shekara ta bi shekara ina faɗa. Mai kyan ta zo, ita ba ta nan. In kuka aika mata Marsandi da wani ƙato mai hula, ni in na je me zan ja?”

Na rasa inda zan sa idona. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba, don da ya faɗi haka tun farko da ban zage shi na kai ƙararsa wurin 'yarsa a waya ba.

Ya saki hannuna. “Tunda ba za ki zana ba, ki bar kujerar haka nan. Ta jira ni.”

Phaik See ba ta ce ta yarda ba. Ta zauna a kan buhun takarda ta yi kuka mai isarta, sannan ta share fuska ta ce in saka bakaniken, guda biyun duka, a kujerar baya. Uban ya buɗe baki zai kare mutuncin kamfani, na harare shi, ya rufe.

Ranar ƙonawa filin haikali ya cika, har da waɗanda ba su san Gaik Lean ba, sun zo ganin Serindit ta tafi lahira. Ina jin wani daga baya yana cewa a kawo fetur, wai jiƙaƙƙiya ce ba za ta kama ba. Daga baya an ce abin ya yi wa motar amfani. Wani mai shagon gwal ya zo ya ce in yi wa ubansa irinta, tunda mutum ba ya yi wa matacciyar matarsa ƙarya a gaban jama'a, kuma yanzu kana iya ganin sababbin Serindit jefi-jefi a titin kasuwa. Kamfani sun ce sabon tambarinsu ne ya yi aiki. Su suka sani.

Ni dai ina tsaye kusa da Phaik See lokacin da aka miƙa mata wutar. Ta kama hannun ubanta da hagu, ta matse shi har yana yamutsa fuska, ta sunkuya wajen tagar motar, inda kujerar direba take wayam.

Ta ce, “Mama, ga mota nan, ki shiga ki zauna. Amma ki yi haƙuri, direbanki ba yanzu zai zo ba. Ni ban gama da shi ba.”

Sannan ta cinna wutar.