Gwiwoyin Kabula

"Ba ni nake durƙusawa ba, Malam, gwiwoyin ne," in ji Kabula.

Malam Masanja, mai koya musu kareti, wasan kare kai da naushi da shuri, a tsohon sito na auduga a garin Mwanza, ya ce to ta ja musu kunne, don jibi ne jarrabawa. Dattijon da zai zo daga Dar es Salaam ya jarraba su ba ya ɗaga ƙafa. A filin kareti rusunawa kaɗan ake yi a tsaye, ido cikin ido. Bara dattijon ya kayar da wani a jarrabawa don kawai ya kalli ƙasa.

Shekarar Kabula arba'in da uku, ƙananan kifi take soyawa a bakin tafki. Ta shiga kareti ne bayan da wasu samari suka fizge mata daro suka tura ta cikin laka. Wata bakwai tana ɗaure da farar ɗamarar sababbin shiga a layin yara, tana naushin iska da hannu mai ƙarnin kifi. Naushi ya zauna, tarewa ta zauna. Sai dai tun tana 'yar shekara biyar aka koya mata, kamar kowace 'yar ƙabilar Sukuma, cewa mace ba ta gaida babba a tsaye. Da ta ga furfura, ƙafafunta sun riga ta kai ƙasa. In ta faɗi jarrabawar, sai ta ƙara wata shida a layin yara, ita kuwa ta san ba za ta iya dawowa ba.

Ta gwada gaida makwabcinta tsoho a tsaye, ta tsinci kanta a ƙasa.

Ran jarrabawa ta riga kowa zuwa, ta tsaya a bakin ƙofa. Dattijon ya sauko daga babur, kansa fari fat. Ta zube a gabansa ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har gaisuwar ta ƙare.

"Baba, na gaishe ka a nan ne, don a ciki ba zan durƙusa maka ba. Ka yi haƙuri."

Ya dube ta. "Mu gani, 'yata."

Da aka kira sunanta ta miƙe. Ta tako tsakiyar fili, ta rusuna, idonta cikin nasa. Gwiwoyin suka yi rawa har wandon yana kaɗawa, amma suka tsaya. Abin da ya biyo baya ba ta ma tuna shi sosai.

Malam Masanja yana ɗaura mata rawayar ɗamara ta waɗanda suka ci jarrabawa, yana tsokanarta, wai yau gwiwoyi sun ji magana. Ba ta iya dariya ba. Ta kwance ɗamarar ta naɗe a cikin zani, ta ɗauki daronta ta nufi bakin tafki, kada jiragen masunta su sauke kifi ba ta nan.