Makunnin Fitila a Ƙarƙashin Kujerar Direba

Sannu-Sannu ake ce masa, don bai taɓa tsere da kowa a hanya ba. Burodi yake rarraba wa shaguna a wata tsohuwar mota tasa ta kansa, wadda ya ci ƙuruciyarsa yana tuƙa wa wasu kafin ya mallake ta.

Bai yarda da makami ba. Abin da ya yarda da shi kayan gida ne. A gefen kujerarsa akwai guntuwar taɓaryar da matarsa ta daina daka da ita, da robar ruwa cike da jiƙaƙƙen barkono, an huda murfinta da ƙusa. Matar takan ce, "Maigida, wata rana tukunyata ma za ka ɗauka ka kifa a ka."

Babbar dabararsa kuwa makunnin fitilar gefen gado ce. Ya ciro shi, ya kai wa ƙaninsa mai gyaran wutar mota, wanda shi ya rene shi, shi ya kai shi koyon sana'ar. Ƙanin ya haɗa makunnin da wayar famfon mai, ya ɓoye shi a ƙarƙashin kujera. In ba a danna shi ba, mota za ta tashi, ta ɗan taɓa tafiya, sai ta mutu.

"Daga ni sai kai," in ji Sannu-Sannu.

"Haba Yaya. Ko matata ba za ta ji ba."

Wata rana da hantsi yana cikin wani shago yana jera burodi, sai ya ji ƙarar motarsa. Da ya leƙa, sai ya ga wasu mutum biyu a cikinta, sun ja ta sun tafi. Mai shago ya saka ihu, ya yi waje da gudu.

"Kwantar da hankalinka," in ji Sannu-Sannu. "A kwanar can za mu same ta."

Ya ƙarasa jera burodinsa, ya karkaɗe hannu, ya taka a hankali, mutane na biye da shi. Suka isa kwana, babu mota. Ya ce ta gaba ce. Suka isa ta gaban. Daga nan mutanen suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wani har da dafa masa kafaɗa.

Bai nufi gida ba, garejin ƙanin ya nufa a ƙasa. Ya tarar da shi kwance rabi a cikin wata tasi, hannu a ƙarƙashin kujerar direba. A kan benci ga kwali cike da makunnan fitila, sababbi fil. Wasu direbobi suna zaune suna jiran layi. Ɗayansu ya miƙe da fara'a.

"A'a, Baba mai dabara! Ai duk tasha ba wanda bai sa irin naka ba."

Ƙanin ya fito yana goge hannu a wando. Da ya ji abin da ya faru, sai ya sunkuyar da kai.

"Yaya, wallahi kasuwa ce ta yi sanyi. Na ga abu ne mai amfani..."

"Duk a wuri ɗaya kake sa musu?"

"Nan ne wayar ta fi kusa."

Sannu-Sannu ya gyaɗa kai, ya yi wa direbobin sallama.

Motar ba ta dawo ba. Yanzu a amalanke yake tura burodi, iyakarsa shagunan unguwa, ƙafa ta fara ba shi wahala.

Ƙofar gidansa tana da sakatar katako da ake ɗagawa daga waje da wata igiya da ke ɓoye a bayan bututun ruwa. 'Yan gida kaɗai suka san ta. A ranar da aka sace motar, da yamma, ya sa wuƙa ya yanke ta.

Washegari ƙanin ya zo, ya laluba bayan bututu, ya sake lalubawa. Sannan, karo na farko a rayuwarsa, ya ƙwanƙwasa.

"Maigida, ƙaninka ne," in ji matar. "In buɗe?"

"Buɗe masa mana. Ki shimfiɗa masa tabarmar baƙi."