Sharar Injin Niƙa

Ranar Talata, tara ga wannan wata, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata, wadda unguwa ta fi sani da Uwar Kaji. Nasa muke, gare shi za mu koma. Ba jinya ta yi ba. Injin niƙa ne ya kashe ta, kuma ni na nuna mata hanyar wurin.

Yaya, da kajin bayan ɗakinki kika riƙe marayunki uku. Ba ki da wasa a kansu. Na ga ranar da shaho ya sauko kan 'yan tsakinki, kika jefe shi da taɓarya, kika bi shi kika take masa wuya. Ni ma na sha mari a hannunki don na zubar da ruwan wankin hatsi, kika ce abincin kaji na zubar. Da yamma kuma sai ga ƙwai shida kin aiko min a kwano. Duk macen da ta haihu a layinmu ta ci kazarki.

Da buhun abincin kaji ya gagari talaka, ba ki sayar da ko ɗaya ba. Kina haƙo musu gara, kina daka ɓawon ƙwai ki cuɗa da dusa. Sannan dusar ma ta yi tsada. A nan na buɗe bakina na ce, "Yaya, garin da ke zuba ƙarƙashin inji ai banza ne, ki je ki riƙa sharowa." Kika yi dariya, kika ce ashe ina da amfani.

Mai injin ba ya kashe shi don mai shara, wai tayarwa na cin mai. Ke kuma ba kya tuɓe mayafi a gaban maza. Kin durƙusa da tsintsiya, bel ɗin da ke juya injin ya kama gefen mayafin, ya shaƙe ki, ya fizge ki ya maka ki da ƙarfe har sau uku kafin a kashe. Na tarar da gari ya jiƙe da jini, hannunki na dama a karye ta baya. Masu wankan gawa ba su bar Innarmu ta ga fuskarki ba. Mai injin kuwa ya wanke daɓensa, washegari ya ci gaba da niƙa. Ban yafe masa ba.

Allah ya jiƙanki, ya sa wannan azabar ta zame miki kaffara, ya yalwata kabarinki, ya raya abin da kika bari. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki da dangi baki ɗaya.

Ke kuwa Inna, kwana tara ke nan kina tambayar duk wanda ya shigo gaisuwa wa ya kai 'yarki gindin inji, ina zaune kusa da ke ina miƙa miki ruwa. Bakina ya kasa, shi ya sa na rubuta don a karanta miki. Ni ce, Inna.