Finjali na Uku

Tejitu tana zuba gahawa a rumfarta ta bakin hanyar Jimma, a ƙasar Habasha, tana satar kallon wani baƙo. Dogo ne mai furfura, jar laka ta rufe babur ɗinsa har sirdi. A bayan babur ɗin ya ɗaure wata ƙaramar hular kwano, ta tsage daga goshi har ƙeya. Duk kurɓa ɗaya sai ya waiwayi hular. Ko ta matarsa ce, ko ta 'yarsa?

Ya sha finjali biyu, ya miƙe.

Tejitu ta ce, "Haba Baba, saura na uku, na albarka! Ba a hawa dutsen nan babu shi."

Ya ce, "Wancan karon duka ukun muka sha."

Ya tayar da babur, hazon dutse ya haɗiye shi. Finjalin yana hucewa a hannunta.