Ƙusoshin da Na Tsince a Cikin Piyano

Lokacin da abin nan ya faru shekarata talatin da ɗaya, wata bakwai ke nan da zuwana Doha aikin gadi. Kafin nan gyaran rediyo da agogo nake yi a wata 'yar rumfa a Tudun Wadan Zariya. Tun ina ƙarami aka san ni da shegen son buɗe abu in ga cikinsa, har mahaifiyata takan ɓoye tocilarta idan ta ji motsina. Wannan hali ne ya ba ni sana'a a gida, shi ne kuma ya jawo abin da nake so in faɗa wa masu karatu. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wanda na cuta yana da rai, kuma bai ce in tallata shi ba.

Kamfaninmu ya ajiye ni a wani ƙaramin zauren kiɗa kusa da unguwar Mushairib. Kiɗan wurin ba irin wanda na sani ba ne. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna a kan dandamali da goge irin na Turawa, da wani babban goge da ake kafawa a ƙasa, da sarewa, da piyano. Babu rawa, babu mawaƙi, masu kallo kuma shiru kamar ana huɗuba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kaɗe-kaɗen a rubuce suke a takarda, kuma sababbi ne, masu rubuta su na nan da ransu. Idan an gama sai ka ga wani ya miƙe daga cikin jama'a a tafa masa, wai shi ne mai kiɗan, alhali bai taɓa ko tsirkiya ɗaya ba. Nakan tsaya a bakin ƙofa ina tambayar kaina yadda mutum zai ji sauti a kansa ya zuba shi a takarda, wani can ya karanta ya fito da shi.

Wanda yake amsa mini irin waɗannan tambayoyi wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, muna ce masa Baba. Shekararsa tara a zauren, shi ke riƙe da makullin dandamali, shi ke jera kujeru da matokaran takardu. Yana fama da ciwon suga da kumburin ƙafa, saboda haka aikin cikin sanyi ba ƙaramar rahama ba ce a gare shi. Yakan tsokane ni da cewa idona ya fi cikina yunwa. Ya sha gaya mini cewa a gidan nan ido da kunne nawa ne, amma hannu in bar shi a aljihu.

Wata rana aka kawo wata tsohuwa 'yar siririya mai farin gashi, aka ce ita ta rubuta kiɗan da za a yi ranar Juma'a da yamma, kuma ba a taɓa kaɗa shi a ko'ina ba. Kwana biyu tana kulle a ciki ita da mai kaɗa piyano. Ni ina ƙofar waje ban ga komai ba, Baba ne yake laɓewa yana saurare, ya fito yana ce mini wannan karon akwai abin ji. Ranar Juma'a da hantsi zauren ba kowa, ƙafarsa ta matsa masa, ga shi yana so ya je masallaci da wuri don ya sami jingina. Sai ya miƙo mini makulli ya ce in jera masa kujeru huɗu in fito. Doka ta hana ba wa wani makullin, mu biyun mun sani.

Na jera kujerun. Da na juya sai na ga murfin piyano a ɗage, ni kuwa ban taɓa ganin cikinsa ba. Na ce bari in leƙa kawai. Wayoyi ne jere reras, gwanin kyau, amma a tsakaninsu ga ƙusoshi masu zare, ga noti, ga guntayen roba, ga maƙalin shanya, har da tsinken sakace. Raina ya ɓaci irin na mai gyara. Na ɗauka leburorin da suka gyara fitilun sama ne suka zubar, na ce yanzu za a ɗora wa Baba laifin ƙazanta. Na ɗauki hoto da wayata daga kusurwa uku don in nuna masa, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya na zare. Yadda na saba a rumfa, duk abin da na cire sai na jera shi a kan tawul bi da bi daga hagu zuwa dama. Na naɗe tawul ɗin a hankali na sa a lokata ta ajiyar kaya, na tafi masallaci ina jin na yi abin kirki.

Bayan mun dawo mai piyano ya zauna gwaji. Ya danna sau biyu ya tsaya cak. Tsohuwar ta leƙa ciki, ta dafa gefen piyano, ta zauna a ƙasa. A nan na fahimci cewa tarkacen nan su ne kiɗan. Ita ta sa su da hannunta, kowanne a wayarsa, tana matsar da shi kaɗan-kaɗan tana saurare, don su canza muryar piyano. Aikin kwana biyu na kwashe cikin minti ashirin, ga shi saura awa huɗu a buɗe ƙofa.

Manajar zauren ta tambayi wanda ya shiga. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya ce makulli a hannunsa yake, don haka laifin nasa ne. Ta tambaye shi inda kayan suke, ya ce bai sani ba. Ni ina tsaye a bayansa, hoton yana aljihuna, tawul yana loka, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Tsoro ne zalla. Ina tuna kafil, wato mai riƙe da izinin zamana a ƙasar, ina tuna jirgin komawa gida da kunyar sauka hannu rabbana. Na koma bakin ƙofata na tsaya kusan awa guda ina ce wa kaina ai Baba tsohon ma'aikaci ne, faɗa kawai za a yi masa. Ina nan tsaye motar kamfani ta zo. Aka karɓi katin aikin Baba, direba yana ce masa yalla, wato ya yi sauri, ya wuce ta gabana yana jan ƙafa, bai kalle ni ba.

Sai da motar ta fita sannan na ɗauko tawul na kai wa tsohuwar, na nuna mata hotunan. Na zaci za ta zage ni. Ta daɗe tana kallon yadda na jera kayan, sannan ta tambaye ni sana'ata ta dā. Da na gaya mata sai ta ce in wanke hannu. Ni ke sawa, mai piyano na dannawa, ita tana rufe ido tana ce mini in matsa gaba ko baya. Ban ɓoye muku ba, a tsakiyar wannan tashin hankali ma sai da mamaki ya kama ni. Ƙusa ɗaya ta mai da waya ta koma ƙararrawa, guntun roba ya sa wata ta yi amo kamar ƙwaryar da mata ke kaɗawa a gidan biki. Mun gama saura minti ashirin. Aka yi kiɗan, aka tafa mata har ta gaji da miƙewa.

Washegari na je wurin manaja na roƙa wa Baba. Ta ce da na yi magana tun a dandamali, da maganar ta mutu a tsakaninmu, don ita kayan take nema, ba mai laifi ba. Amma ta riga ta kira kamfani, yanzu kuma an rubuta cewa ya ba da makulli, khalas, wato magana ta ƙare. Ni kuwa tsohuwar ta sa baki aka bar ni. Baba aka mai da shi gadin ƙofar wani gini da ake yi a bayan gari, tsaye a rana. Wata biyar ya iya, ƙafar ta ƙi, ya koma Kumasi.

Na daɗe ban iya kiransa ba. Ranar da na daure na kira, na fara ba shi haƙuri, sai ya katse ni. Ya ce shi ya ba ni makulli, wannan ya wuce. Abu ɗaya yake so in gaya masa: yaya kiɗan tsohuwar nan ya kasance daga farko har ƙarshe, don shi guntu-guntu ya ji ta bayan ƙofa. Na yi ta kwatanta masa ƙararrawar da ƙwaryar, yana dariya yana cewa dama ya faɗa mini akwai abin ji. Da muka ajiye waya na zauna na yi kuka.

Har yau ina zauren, kuma idan aka zo da irin wannan kiɗa ni ake kira in sa ƙusoshin. Na koyi cewa abin da ban gane ba, tambaya ya kamata in yi kafin in kai hannu, musamman a ƙasar mutane. Amma ba cire ƙusoshin ne ke hana ni sukuni ba, wannan an gyara shi a awa uku. Shirun awa ɗaya ne ya ƙi gyaruwa. 'Yan'uwana da ke aiki a waje, idan kun yi ɓarna kuka ga wani ya sunkuyar da kai zai ɗauka muku, ku yi magana a take, tun ba a ɗaga waya ba. Makullin Baba yana aljihuna yanzu, kuma kullum na zo buɗe ƙofar nan sai na tuna yadda ya wuce ta gabana yana jan ƙafa.